Shekarun Gwamnati

A can ƙuryar shagon Madam Francisca suka ƙulla maganar, bayan katan-katan ɗin man shafawa, inda mai wucewa ta layin 'yan kayan kwalliya a kasuwar Lafiya ba zai hango ko hular mutum ba. Malam Sharafaddeen, direba a wata ma'aikatar jiha, ya zo ne sayen baƙin rinin da yake rufe furfurarsa da shi kamar yadda ya saba, sai baki ya suɓuce masa ya faɗi abin da ke cinsa. An ce kwamitin tantance ma'aikata yana nan tafe, kuma wannan karon ba takarda kaɗai za su duba ba, mutum za su sa a gaba su ƙare masa kallo. Wanda fuskarsa ta girmi takardarsa, sai gida.

Madam Francisca 'yar Tibi ce, mace mai jiki da yawan dariya, tana sayar da kayan kwalliya a fili, tana saron doya a bayan fage. Ta dube shi irin duban da take yi wa doya kafin ta taya.

"Baba direba, gashi naka ya zama saurayi, amma fuska ya tona asiri," in ji ta. "Rini ba zai iya wannan aiki ba."

Sai ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai ɗan inji fari mai kama da ƙaramin dutsen guga, da gilashi a bakinsa. Ta ce daga waje ake kawo shi, kuma da shi matan manya suke mayar da shekaru baya a cikin ɗakunansu, ba asibiti ba likita. Ka shafa wani mai mai sanyi, ka ɗora bakin injin a kan fata, ka latsa, ya yi walƙiya da ɗan zafi, a hankali fata ta miƙe. Ta latsa shi a bayan hannunta don ya gani. Hasken ya cika ƙuryar kamar an ɗauki hoto.

Bai tambayi kuɗinsa ba, don ya san ba na aljihunsa ba ne, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da take nema daban ne. Duk ranar kasuwar Agyaragu tana sayen doya, masu mota suna yankarta, masu shinge a hanya su ma suna yankarta. Shi kuwa a hannunsa akwai a-kori-kura ta ma'aikata mai lambar gwamnati, wadda ba mai ɗaga mata hannu, kuma aikensu yakan kai shi ta wajen. To ya riƙa ɗauko mata doya, ita kuma ta bar masa inji, man in ya ƙare ya zo ya karɓa. Ya murza hula a gwiwa, sannan ya ce ya yarda, da sharaɗin kada wani mahaluki ya ji.

"Bakina kwaɗo ne, makulli ya ɓata," ta ce. Ta miƙo masa wani ɗan tabarau baƙi ƙirin mai igiyar roba. "Wannan ka sa duk lokacin da za ka yi. Idan wuta ya tashi, ido ya zama a rufe. Kuma kaɗan kaɗan, ba kowane rana ba."

Ya sa kwalin a baƙar leda, ya ɗora sabulun wanki a kai, ya fita ta bayan layi.

A ma'aikatarsu mutane da dama shekarunsu iri biyu ne. Akwai na haihuwa, waɗanda uwa ta sani, akwai kuma na gwamnati, waɗanda aka rantse a kansu. Ba wanda yake kiran abin ƙarya, dabara ake ce masa. Sharafaddeen da girmansa ya shiga aiki, bayan ya gaji da tuƙa motar haya tsakanin Lafiya da Makurɗi, sai wani magatakarda ya ba shi shawara ya ajiye shekara goma da 'yan kai a bakin ƙofa kafin ya shiga. Haka ya yi. A gwamnatance, ƙanensa da ya goya yana yaro yanzu yayansa ne.

Dabarar ta yi masa rana har lokacin da jiki ya fara faɗin gaskiya. Goshi ya tattare, kumatu suka zubo, ƙasan idanu ya yi jaka. Kuma ya ga abin da ritaya take yi wa mutum. Abokin tasowarsa Abdulrahaman ya bar aiki da shekarunsa na gaskiya, ga shi nan kullum a gindin mangwaron ƙofar ofishin fansho, fayil a hammata, riga ta yi masa yawa. Sharafaddeen yana da 'yar auta, Bilkis, a makarantar koyon jinya, ga gida cike da baki. Ba shi da gona, ba shi da shago. Ranar da aka karɓe makullin motar nan, ranar tukunya za ta sauka daga murhu. Shi ya sa ya ɗauki kayan mata ya kai ɗakinsa.

Wahalar farko ba daga injin ta fito ba, daga ɗakin ta fito. Ƙyauren ɗakinsa ya daɗe da kumbura, ba ya rufuwa, labule ne kawai a ƙofar. Ko da yana rufuwa ma, magidanci ya kulle kansa da rana a cikin gidansa, ai ya gayyato tambaya. Sai ya zaɓi bayan la'asar, in ya taso daga aiki, lokacin da matarsa Suwaibatu take tafiya Islamiyyar matan aure.

Ranar farko ya bi ƙa'ida. Ya shafa man, ya ɗaura tabarau, duniya ta yi duhu ɗif, ko hannunsa ba ya gani. Yana cikin latsawa sai ya ji ƙarar silifas a tsakar gida. Kafin ya fizge tabarau ya cusa injin ƙarƙashin filo, har Suwaibatu ta iso bakin labule tana cewa ta manta littafinta ne. Ta ga fuskarsa tana ƙyalli, ya ce man zafi ne, kansa ke sarawa. Ta yi masa sannu ta tafi.

Ba matar yake tsoro ba, kalma ɗaya yake tsoro. Mutum mai jikoki, mai tsayawa a sahun gaba, a kama shi da kayan gyaran fuska a hannu, sunan da za a ba shi ɗaya ne, ɗan daudu. Kuma a garin nan maganar da aka yi da safe a Tudun Gwandara, kafin azahar an sha shayi da ita a Bukan Sidi. Gara a ce ya saci taya. Don haka daga ranar ya tura tabarau ƙarƙashin katifa. Yana latsa inji, idanunsa a buɗe tar, a kan labule, kunnensa a tsakar gida.

Injin yana da maki daga ƙarami zuwa babba, shi giya yake ce musu. Madam ta ce a tsaya a ta farko ko ta biyu. To amma shi direba ne, ya san ba a yin doguwar tafiya a giya ta ɗaya, kuma kwamiti ba zai jira shi ba. Ya kai abin giyar ƙarshe, ya mayar da shi na kullum kamar wanka. Inda tsufan ya fi zama kuwa shi ne gefen idanu da ƙasansu, nan ya fi dannawa. Duk walƙiya sai ya ga wani kore-kore yana yawo a gabansa, ya bi bango, ya bi labule. Kafin ya idar da alwalar magariba ya wuce. Ya ce a ransa abin da ke wucewa ba ciwo ba ne.

Gaskiyar magana, injin ya yi aiki. Bayan 'yan watanni fata ta ɗame, goshi ya ɗan sake, har masu gadi suna tambayarsa ko ya canza abinci ne. Oga Torkuma, mai kula da motocin ma'aikatar, ya ce lallai Baba Sharafa akwai wata amarya a ƙasa, a shirya cin shinkafa. Ya yi dariya tare da su. Ranar kasuwa kuma ya bi da motar ta Agyaragu, a loda ƙwarya biyu ko uku ta doya, kowace ƙwarya guda ɗari, a rufe da tamfol, ya wuce shinge ana sara masa.

Sai dai kwamitin gwamnati ba ya zuwa ranar da aka ce. Aka ɗaga zuwa bayan salla, aka ɗaga zuwa bayan Kirsimeti, aka ce kuɗin zama bai fito ba, aka ce an canza shugaba. Abin da ya ɗauka na wata biyu ne ya ci damina, ya ci rani, ya shiga wata daminar. Kullum bayan la'asar yana zaune a bakin gado, ido a kan labule, walƙiya tana tashi.

Ranar da kwamitin ya zauna, a wani dogon zaure aka jera su. Mutum uku ne a tebur, ta tsakiya wata mace mai gilashi da aka ɗauko daga wata jiha don kada a ce ta san kowa. Wanda ke gaban Sharafaddeen a layi Aper ne, masinjan ofis, wanda kowa ya san takardarsa ta gaskiya ce, sai dai noman da yake yi bayan aiki ya dafa shi, ya bushe kamar kilishi. Suka dube shi, suka dubi takarda, suka yi ƙus-ƙus, suka ce ya koma gefe. Aper ya rantse da Littafi Mai Tsarki, ya ce a kira ƙauyensu a tambaya. Aka ce ya koma gefe. Da aka zo kan Sharafaddeen matar ta ɗago kai sau ɗaya, ta ce da Turanci yana kula da kansa, ta sa hannu. Da zai fita bai dubi gefen da Aper yake tsaye ba.

Ya yi niyyar mayar da injin a satin. Ya ajiye shi na ɗan lokaci ya ga yadda za a yi, sai fuskar ta fara saki, wasu baƙaƙen tabo suka fito a kumatu, mutane suka shiga yi masa sannu da jiki. Ya je wa Madam da maganar. Ta ce haka abin yake, in ka bari tsufa zai dawo har da 'yan rakiya, kuma ta ji ana raɗe-raɗin za a sake wata tantancewar. Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah ne masani. Ya karɓi sabon mai ya koma.

A wannan shekarar idanun suka fara magana. Da farko hawaye ne ba dalili. Sannan rana ta zame masa abokiyar gaba, in ya fito daga inuwa sai ya ji kamar an watsa masa barkono. Kore-koren da yake wucewa kafin magariba ya daina wucewa da wuri. Daga baya wani tabo ya zauna a tsakiyar ganinsa na dama, kamar shatin babban yatsa a jikin gilashi. Ya yi kwanaki yana goge gilashin gaban mota da tsumma, yana zagin masu wanki, kafin ya yarda ba a gilashin tabon yake ba.

Asibiti kuwa bai ko yi tunaninsa ba. Direban gwamnati ya yanki kati a ɓangaren ido, ai ya rubuta takardar barin aiki da hannunsa, don ba a rasa wanda ya san wani. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ya sa kwalli, ya sayi baƙin gilashi irin na samari yana tuƙi da shi. A gareji suka sa masa suna Ango. Hanya kuma ya koma bin ta da ka. Shekara da shekaru yana kanta, ya san kowane rami, kowace kwana, inda ake tsallaka da awaki da inda 'yan makaranta suke fitowa. Abin da ido ya kasa, kunne da sabo suna cikewa. In ya ɗauki wani jami'i sai ya yi ta jansa da hira, yana cewa oga duba min wancan mai babur ɗin, mahaukata ne, alhali so yake a gaya masa akwai babur.

Wata ranar Asabar da hantsi Suwaibatu ta kawo masa kunu ta ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu, hannun ya wuce ta gefen kofin, ya dawo ya ture shi. Kunu ya malale a tabarma. Ta kawo tsumma ta goge. Da ta gama ba ta fita ba, ta zauna a dokin ƙofa ta ba shi gefe.

"Malam, abin nan da kake haskawa, shi ke cin idonka."

Ya ce wane abu.

"Tun satin farko na sani," ta ce, ba ta dube shi ba. "Hasken yana fita ta ƙasan labule har bakin rijiya. Ranar da ba mu da karatu ma fita nake yi, in je gidan maƙwabciyarmu Maman Vera in zauna sai na tabbata ka gama. Na ga ba ka so a sani, ni kuma ban so in ba ka kunya."

Damina biyu yana gadin labulen da ba wanda zai ɗaga. Da ya ɗaura tabarau ya rufe ido ya yi abinsa, da ba abin da zai faru sai abin da ya riga ya faru, wato matarsa ta sani ta yi shiru. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wa kika gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Asirinka ai nawa ne."

Ta ce ta ga tabarau ɗin a ƙarƙashin katifa tun tuni, ta ɗauka ya san abin da yake yi, shi da ya yi yawon duniya. Yanzu kam shirun ya ishe ta, don jiya ta ga yana laluben takalminsa da ƙafa a ƙofar ɗaki. Ta roƙe shi ya ajiye mota. Ya ce Bilkis saura kaɗan ta gama. Ta ce ita dai ta faɗi nata, kuma ba ransa kaɗai ne a kan titi ba. Ya yi mata alkawari zai mayar da injin, ya kashe maganar doya, sannan ya nemi Oga Torkuma ya bar shi a gareji yana kula da mai da tayoyi har Allah ya kawo mafita.

Ya kai wa Madam kwalin a cikin baƙar ledar da ya zo da shi. Ta karɓa, ta buɗe, ta ga tabarau yana nan sabo da igiyarsa ko miƙewa ba ta yi ba. Ta ɗaga shi da yatsa biyu.

"Baba direba, ni na ce ka rufe ido, ko ban ce ba?"

Ya ce ta ce.

To, in ji ta, ba ta da laifi wajen Allah. Amma maganar doya daban. Ta riga ta saya tana can a tare a Agyaragu, masu saye daga kudu suna jiranta, in ta kwana a rana asara ce. Ya ce mata ba ya gani sosai, ya faɗa da bakinsa, karo na farko da ya faɗa wa wani. Ta ce hanyar da ya haddace kamar karatu, ko barci yake ai zai kawo mota. Ba ta yi masa barazana ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi matan layin nan sun dame ta da tambayar me Baba direba yake shafawa ya koma yaro, ita kuma riƙe baki yana gajiyar da mutum.

"Sau ɗaya ɗin nan, shi ke nan. Daga nan ni ban san ka ba, kai ba ka san ni ba."

Ya tsaya yana sauraron hayaniyar layin, muryoyin mata suna ciniki suna shewa. Ya ce to.

Bai gaya wa Suwaibatu ba. Ranar kasuwar ya so ya yi sammako ya dawo kafin rana ta yi ƙarfi, amma masu lodi suka tsaya rigima da wani dillali, ba a ɗaure tamfol ba sai da rana ta take tsaka. Lokacin bazara ne, kwalta tana tururi, sama fari fat. Ya sa baƙin gilashinsa, ya yi bisimilla, ya hau titi a hankali, hawaye suna bin kumatunsa masu santsi.

Ya ci fiye da rabin hanya lafiya. A wani miƙaƙƙen wuri sai ga tankar mai tana tahowa, rana ta daki gilashinta ta dawo masa a ido. Walƙiyar ɗakinsa ce sak, sai dai wannan ta fi girma. Komai ya yi fari, sannan kore ya rufe. Bai firgita ba. Ya san wurin, ya san ba kwana ba rami, in ya ɗan raɓa dama ya ba tankar hanya ya riƙe sitiyari daidai, ganin zai dawo. Duk abin da ya sani game da hanyar gaskiya ne. Abin da sabo ba zai gaya masa ba shi ne a ranar akwai mutum a gefen kwalta yana tura keke da buhun rogo.

Ya ji ƙarar a ƙasan motar kafin ya ji ihun. Ya taka birki, motar ta juya ta faɗa kwalbati, igiya ta tsinke, doya ta watsu a titi tana gangarawa.

Mutane suka fito daga gonaki da gidajen bakin hanya, wasu da sanduna. Da sun dake shi, don sun ga ɗan'uwansu a kwance cikin jini, sun ga lambar gwamnati, sun ga doyar kasuwa. Abin da ya tsayar da su shi ne yadda ya fito. Ya fito yana laluben jikin motar, gilashinsa ya faɗi, fuskarsa tana kallon inda ba kowa, yana tambaya me ya buga, don Allah a gaya masa me ya buga. Wata tsohuwa ta matso ta kaɗa hannu a gaban idonsa. Bai ƙifta ba.

"Makaho ne," ta ce wa jama'a. "Makaho gwamnati ya ba moto."

Mutumin sunansa Aondowase, manomi ne daga wani ƙauye da ke kusa, yana da mata da ƙananan yara. Bai mutu ba. An yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba, don gwamnatin da take shekara kafin ta zauna tantancewa ba ta jinkiri wajen kora. Aka kafa ɗan kwamiti a ma'aikata. Laifin a fili yake, ya ɗauki motar gwamnati ya yi dakon kasuwa, ya nakasa mutum. Oga Torkuma ya ce shi bai taɓa sanin ana haka ba. Aka kira Madam Francisca, ta zo da shigar coci, ta ce ita roƙon taimako ta yi a bakin hanya ranar nan kaɗai, ta ɗauka mutumin kirki ne. Sharafaddeen yana zaune yana jin ta. Da zai ƙaryata ta sai ya faɗi abin da ya haɗa su, don haka ya yi shiru. Ba ritaya aka yi masa ba, kora ce, wadda ba fansho a bayanta ba sallama. A duk zaman ba wanda ya tambaye shi shekarunsa.

Dangi suka haɗa abin da suka iya aka kai shi wani asibitin ido a wata jiha. Likitan ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce haske mai ƙarfi ne ya ƙona cikin idon a hankali, na dama ya tafi, na hagu zai riƙa ganin inuwar abubuwa, ba aikin da za a yi. Ya tambaya ko Baba ya yi aikin walda ne ba tare da kariya ba. Sharafaddeen ya ce e, walda ce. Suwaibatu tana gefensa, ta gyara mayafinta.

Da ba inji ba rini, fuskar ba ta yi wata nawa ba ta rama duk abin da aka hana ta. Furfura ta fito gaba ɗaya, fatar da ta sha zafi ta yi laushi ta zube, ga tabo baƙi-baƙi. Masu zuwa jaje sukan yi sallama a ƙofar gida su tambayi tsohon da ke zaune a kan tabarma ko Malam Sharafaddeen yana ciki.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda aka ci, Madam Francisca ce ta ci. Ta yi damina biyu doyarta tana tafiya kyauta, wadda ta watsu a titi ma ta aika an tsinto mata rabi, kuma kafin wata kasuwar ta samu wani direban. Injin yana hannun wata shugabar makaranta yanzu, ita da kuɗinta ta saya. Gwamnati ma ba ta yi asara ba, mota ta gyaru, an rage mata mutum ɗaya a layin fansho. Bilkis ta dawo gida da akwatinta saura zango biyu ta gama, tana taya uwarta suyar ƙosai a bakin titi. Sharafaddeen ya rasa aikin, ya rasa fanshon da zai samu da ya tafi lokacin da fuskarsa ta ce ya tafi, ya rasa ido. Wanda aka fi ci kuwa Aondowase ne, da bai taɓa jin labarin injin ba, bai san ana rage shekaru ba, shi dai rogonsa ya ɗauko zai kai niƙa.